Mangwaro, Siminti da Adda: Kula da Manyan Bishiyoyi a Gidajen Akébé

Wanda ya hau ɗaya daga cikin tuddan Akébé ya dubi gangare, abu biyu zai ga suna rige-rigen wuri: kwanon rufi da ganyen mangwaro. Kwano ne ke cin nasara. Duk ɗakin hayar da aka ƙara a tsakar gida, wani reshe ne ya tafi, ko wata saiwa, ko bishiyar ɗungurungum. Waɗannan unguwanni na gunduma ta uku ta Libreville, su Akébé-Ville da Akébé-Plaine da Akébé-Poteau har zuwa Kinguélé, ba a zana su a takarda ba kafin a zauna. Mutane ne suka zo daga ƙauyukan Gabon da ƙasashen maƙwabta, kowa ya samu inda ya kafa katakonsa, ya dasa abin da zai ci. Abin da aka dasa shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce shi ne yanzu ya zama manyan bishiyoyi da suka ninka gidajen tsawo, kuma a kansu ake rigima.

Abin mamaki shi ne a Gabon ake wannan. Kusan kashi 88 cikin 100 na ƙasar daji ne. A 2002 Shugaba Omar Bongo ya keɓe gandayen daji na ƙasa guda 13. A 2009 aka hana sare itatuwa iri biyar, cikinsu har da moabi da ozigo da andok. A 2010 aka hana fitar da gungumen da ba a sarrafa ba zuwa waje. A 2019, da kwantena 353 na katakon kevazingo suka yi ɓatan dabo a tashar jiragen ruwa ta Owendo, mataimakin shugaban ƙasa Pierre Claver Maganga Moussavou da ministan gandun daji Guy Bertrand Mapangou sun rasa kujerunsu. Ke nan itacen daji yana da minista, da jami'ai, da ƙungiyoyin duniya masu tsaya masa. Mangwaron tsakar gida kuwa ba shi da kowa sai mai gidan, da saurayin da aka ɗauko da adda ranar da reshe ya taɓa kwano.

Hausawa sun daɗe a ƙasar nan. A Oyem da Bitam da Minvoul akwai zuriyar fataken da suka shigo ta Kamaru tun zamanin Turawa, a Libreville kuma ga 'yan kasuwar Mont-Bouët, da mahauta, da teloli, da masu gasa naman da ake kira kupe-kupe, daga Nijar da Nijeriya da Kamaru. Da yawansu a irin waɗannan unguwanni suke haya, wasu sun yi gidajen kansu. Kowannenmu kuma da iliminsa na bishiya ya zo, wanda ya koya a ƙasar ƙishirwa. A Kano ko Maraɗi, kula da itace shi ne a ba shi ruwa, a yi masa shinge saboda awaki, a yi addu'a ya tsallake bazara. Abin da aka yi a kwarin Majiya na Nijar daga 1975, da aka jera dogon yaro don tare iska, da abin da manoman Maraɗi suka yi daga 1983 na renon tohon kututture a gonaki, duk yaƙi ne da rashi. Wanda ya tashi a can, ganin bishiya ta yi girma kaɗai ya ishe shi murna.

Libreville kuwa sama da milimita 2,800 na ruwa take samu a shekara, ya ninka na Kano sau uku. Ruwan Nuwamba kaɗai ya kusa na shekara guda a Maraɗi. Ranin da ake yi daga Yuni zuwa Satumba ma rani ne mai lumshi da sanyi-sanyi, ba mai ƙona ganye ba. A nan bishiya ba ta neman a ba ta komai. Abin da take nema shi ne a bar mata wuri, kuma idan za a rage ta, a rage ta da sani. Hujjata ke nan a wannan sharhi: yawancin manyan bishiyoyin da ke faɗowa kan gidaje a irin waɗannan unguwanni ba tsufa ne ya kayar da su ba. Mangwaro yana haura shekara ɗari yana 'ya'ya. Abin da aka yi masa a gindi da a ka, shekaru kaɗan kafin faɗuwar, shi ne ya kayar da shi.

A fara da gindin, domin nan ne ido ba ya gani. Mutane da yawa sun ɗauka saiwar babbar bishiya ƙasa take nutsawa daidai da tsawon da bishiyar ta yi sama. Ba haka ba ne. Ta fi kama da faifai a kan karas: shimfiɗe take a faɗi, mafi yawanta cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma tana wuce iyakar inuwar rassan nesa. Dalili shi ne saiwa tana numfashi. Tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa, kuma a kwarurrukan Akébé, inda ƙasa ke jiƙe sharkaf wata da watanni, iskar tana can sama-sama ne kawai. Saboda haka mangwaron da ke kwari, duk girmansa, da ɗan siririn falle na ƙasa yake riƙe.

To, me ake yi wa wannan falle? Abu na farko siminti. Ba na zargin matar gidan da ta gaji da taɓo da sharar ganye ta ce a dafe mata tsakar gida. Wanda ya taɓa shanya kayan yara a Oktoban Libreville ba zai zarge ta ba. Amma idan birkila ya zuba kankare har ya rungume kututture, ya toshe wa saiwoyin iska da ruwa lokaci guda, kuma kafin ya zuba ɗin, sai da ya sassabe saiwoyin da suka ɗago don ya samu daben ya miƙe. Abu na biyu ciko. Saboda ambaliya, ana sayo jar ƙasa ko ɓaraguzan gini a ɗaga tsakar gida. Cikon da ya kai taƙi ɗaya ko biyu a kan saiwoyi ya isa ya shaƙe su, kuma ɓawon gindin da aka binne yakan ruɓe. Gindin lafiyayyar bishiya yana buɗewa ne kafin ya shiga ƙasa. Idan ka ga kututture ya shiga ƙasa a miƙe sambal, an binne shi. Abu na uku haƙa: harsashin sabon ɗaki, ramin masai, hanyar bututun ruwa. Lebura ya ci karo da saiwa mai kaurin cinya, ya sa gatari, ya wuce. Wannan saiwar ita ce igiyar da ke riƙe bishiyar daga wannan ɓangaren.

Masana a Ingila suna da ma'auni da suke bai wa magina. A auna kaurin kututture daga gefe zuwa gefe a daidai ƙirji, a ninka sau 12, abin da aka samu shi ne nisan da bai kamata a haƙa ko a danne ƙasa ba kewaye da bishiyar. Mangwaro mai kaurin santimita 60 ke nan yana son a ba shi sama da mita 7 ta kowane gefe. Mutumin Akébé zai yi dariya, don gidan gaba ɗaya wani lokacin bai kai haka ba. Amma akwai wani adadin da ba abin dariya ba ne: yawanci masu sana'ar kula da itace ba sa yarda a datse manyan saiwoyi kusa da kututture fiye da ninki uku na kaurinsa, domin daga nan maganar ta tashi daga lafiyar bishiya ta koma ta tsayuwarta. Ga mangwaron da muka auna, wajen mita 2 ke nan. Tsakanin mita 2 da mita 7 akwai wurin sasantawa. Ana iya barin da'ira buɗe kewaye da gindi a zuba tsakuwa. Ana iya shimfiɗa bulon daɓe a kan yashi maimakon kankare, ruwa ya riƙa ratsawa. Bututu ana iya zura shi ta ƙarƙashin saiwa idan aka haƙa da hannu. Katanga ma, idan saiwa ta tare mata hanya, birkilan kirki yakan ɗora linta ya tsallake ta, ya bar mata ɗan rami ta ci gaba da kauri.

Abin da ya sa mutane ba sa haɗa sababi da sakamako shi ne jinkiri. Babbar bishiya tana da ajiyar abinci a jikinta. An dafe ta bana, baɗi ta yi 'ya'ya kamar ba a yi komai ba, wani lokacin ma ta fi yi. Sai bayan shekara uku, huɗu, biyar a ga ganyen ƙoli ya ƙanƙance, rassan sama sun fara bushewa. Zuwa lokacin an manta da birkila, sai a ce tsufa ne, ko a ce wani ya yi mata asiri.

Akwai ƙananan laifuffuka da ke taruwa su yi babba. Ƙona shara a gindi shi ne shugabansu. Rayuwar kututture tana cikin wani siririn sashe ne da ke ƙarƙashin ɓawo, wuta kuma tana dafa shi ko da ɓawon bai nuna ba. Bayan shekaru a ga kogo a daidai wurin da ake tara ganye. Sai wayar shanya da aka ɗaure aka manta, ta nutse cikin reshe ta shaƙe shi. Sai baƙin man inji da ruwan batir da masu gyara ke zubarwa. Sai kuma namu na gida: sassaƙe. Ɓawon mangwaro yana cikin kayan masu magani, kuma ba laifi a ɗiba kaɗan a tsaye ta gefe guda. Wanda ya zagaye kututture da sassaƙa kuwa ya yanke hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa, bishiyar ta mutu ko da ta ɗauki shekara tana kore. Farar ƙasar da ake shafa wa gindin itatuwa a bakin titi, ado ce fiye da magani.

Kan tudu, lissafin ya ɗan bambanta. Saiwoyi suna ɗinke saman ƙasa, ganye kuma yana rage ƙarfin saukar ruwa, shi ya sa gangaren da aka aske ya fi saurin zaizayewa ya cika magudanan da ke ƙasa. Idan aka sare bishiya ma, ba nan take gangaren ke raunana ba, sai saiwoyin sun ruɓe bayan 'yan shekaru. Amma kada a wuce gona da iri wajen yabon bishiya. Wanda ya yanke tudu a tsaye don ya samu filin gini, ya bar ƙaton mangwaro a leɓen yankan da rabin saiwoyinsa a waje, ya ajiye wa kansa nauyi ne a ka. Mutanen Libreville ba su manta da zaftarewar ƙasar da ta kashe mutum bakwai 'yan gida ɗaya a unguwar PK8 a Oktoban 2022 ba. Duk gidan da ke ƙarƙashin yankakken tudu, da bishiya ko babu, yana bukatar katangar tare ƙasa da hanyar da ruwa zai bi.

Yanzu sai kan bishiyar, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mai gida ya ji tsoron iskar hadarin Maris da Afrilu, ya kira mai adda ko mai injin yankan katako, ya ce a rage mata tsawo. Abin da ake yi shi ne a guntule duk manyan rassa a tsakiya, a bar kututture da dungulmi huɗu ko biyar. Wata shida bayan haka ta fito da toho cunkus, kore shar, mai gida ya ce ai ga shi ta ƙara lafiya.

Ba ta ƙara ba. Wannan tohon na neman tsira ne. An raba ta da ganyen da ke ciyar da ita, shi ne ta fasa ajiyarta ta fitar da sababbin rassa da gaggawa. Reshe na asali tare yake girma da kututture, shekara bayan shekara naman junansu yana sarƙewa. Tohon bayan guntulewa kuwa a fatar waje kawai yake manne, a bakin wani babban rauni da ruwan sama ke kwanciya a kai. A yanayin Libreville, cikin 'yan shekaru tohon ya zama rassa masu nauyi, dungulmin da ke ɗauke da su kuma ya ruɓe ta ciki. Tsawon da aka gudu ya dawo, amma yanzu a kan ruɓaɓɓen tushe. Wanda ya guntule bishiya sau ɗaya ya ɗaura wa kansa biyan mai adda duk bayan shekara biyu ko uku, in kuwa ya daina, ya fi wanda bai taɓa ta ba shiga haɗari.

Wani zai ce ai a gida muna sassabe gawo don dabbobi, muna guntule dogon yaro, ba abin da ke faruwa. Akwai bambanci biyu. Na farko, a can rauni yana bushewa cikin kwanaki, iskar hunturu ba ta barin ruɓa ta yi sauri, a nan kuwa danshi ba ya ɗaukewa. Na biyu, gawon gona idan ya yar da reshe, kan kunya yake faɗawa, ba kan ɗakin da yara ke barci ba. Gaskiya ne kuma masu gonakin mangwaro na kasuwanci suna aske bishiyoyinsu kowace shekara don kada su wuce mita huɗu ko biyar. Amma tun suna ƙanana aka fara, rassan da ake yankewa sirara ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan dabam yake da a zo wa mai shekara hamsin da inji rana ɗaya.

Mutumin da ya fi kowa sauya fahimtar wannan al'amari shi ne Alex Shigo, masanin cututtukan itace na hukumar gandun dajin Amurka, wanda ya rasu a 2006. Ya shafe shekaru yana tsaga dubban itatuwa a tsaye da zarto yana duba yadda ruɓa ke tafiya a cikinsu. Abin da ya nuna a shekarun 1970 shi ne bishiya ba ta warkar da rauni yadda jikin mutum ke yi. Killace shi take yi: ta gina shinge ta ciki kewaye da wurin da ya lalace, ta ci gaba da ɗora sabon nama a waje. Kuma akwai wani shinge mai ƙarfi a wurin ɗan kumburin nan da ke gindin kowane reshe, inda ya haɗu da uwarsa. Daga nan ƙa'idar yanka ta fito. Ba a yanke reshe a tsakiya a bar dungu, domin dungu ba ya rufewa. Ba a kuma shafe shi daidai da kututture, domin an cire shingen ke nan. A bakin kumburin ake yankewa, ta waje.

Reshe mai nauyi kuma sau uku ake sa masa zarto. A fara ɗan tsaga shi ta ƙasa, kamar kamu ɗaya daga kututture. A koma gaba kaɗan a yanke ta sama har ya faɗi. Tsagar farko ita ke hana shi yage ɓawon kututture yayin faɗuwa. Sannan a cire ɗan dungun da ya rage a bakin kumburin. Idan tsawo ake son ragewa, a bi reshen da ya yi sama a dawo da shi zuwa inda wani reshe na gefe ya fita, wanda kaurinsa ya kai aƙalla sulusin wanda za a cire, don shi ya karɓi ragamar. Kada a cire fiye da rubu'in ganyen bishiya a zama ɗaya, ga tsohuwa ma ƙasa da haka. Aikin da ya yi yawa a raba shi shekara biyu ko uku. Fenti da kwalta da baƙin mai da ake shafa wa rauni ba sa hana ruɓa, sukan ma riƙe danshi. Zarto mai kaifi ya fi adda nesa ba kusa ba, saboda adda tana farfasa bakin yanka. Lokacin da ya fi dacewa da babban aiki shi ne rani, Yuni zuwa Agusta, sa'ad da itace bai da santsi kuma rauni ke samun sararin bushewa. Sai dai a lokacin ne mangwaro ke fure, don haka mai son 'ya'ya sai ya haƙura da na rassan da aka taɓa, ko ya jira ƙaramin ranin da ke zuwa wajen Janairu bayan an gama ɗiba. Busasshen reshe da karyayye ba su da lokaci, ranar da aka gan su ake cire su.

Yaya mai gida zai gane bishiyarsa ta zama haɗari? Karkata kaɗai ba hujja ba ce, bishiyoyi da yawa sun tashi a karkace suna neman rana kuma sun yi saiwar da ta dace da haka. Abin tsoro shi ne sabuwar karkata, musamman idan ƙasa ta tsage ko ta kumbura ta bayan gindin. Wannan ba ya jiran gobe, a kwashe mutane daga ɗakin da ke ƙasa. Sai laimar kwaɗi mai tauri da ke fitowa a jikin gindi kamar kanta: alama ce ruɓa ta ci saiwa ko cikin kututture, kuma cire ta ba ya maganin komai. Sai kututture biyu da suka tashi tare a matse, da tsaga a tsakaninsu. Sai ƙolin da ke bushewa daga sama. Kogo kuwa, ba kowane ne hukuncin kisa ba. Ƙarfin kututture yana a bangonsa na waje, kuma bishiya mai rami tana iya tsayuwa shekaru idan bangon yana da kauri kuma kanta bai yi nauyi ba. Kada a cika kogon da siminti, kada a cinna masa wuta don korar maciji ko zuma. Gara ma sau da yawa matacce take bi, ganinta yana nuna akwai abin da ya riga ya mutu a ciki.

Kowace irin bishiya da halinta. Atanga, wadda 'ya'yanta masu launin shuɗi-baƙi ake gasawa ko a tsoma a ruwan zafi a ci da gishiri, ita da fiya kauci yana damunsu ƙwarai a wannan yanki. Tsuntsaye ke kai irinsa, ya kafa tushe cikin reshe yana tsotse ruwa. Fizge ganyensa ba ya kashe shi, sai an yanke reshen a ƙasa da inda ya kama. Fiya kuma ba ta jure kwanciyar ruwa a gindi, saiwarta na saurin ruɓewa. Badamiye, mai faffaɗan ganyen da ke ja kafin ya zuba, inuwarta ba ta da na biyu, amma ganyenta ke toshe indararo, saiwarta kuma ta ɗaga daɓe. Rimi, wanda Zariya ta san darajarsa, ba itacen tsakar gida ba ne ko kaɗan. Kwakwa kuwa inuwar giginya ce, na nesa ka sha, na kusa sai fargabar abin da zai faɗo masa daga mita 20. Ita ba ta yin sabon nama a jiki, duk sarar da mai hawa ya yi don ya samu matakala tana nan har abada, kuma ido ɗaya gare ta a ƙoli, in aka yanke shi ta mutu. Kulawarta ita ce a riƙa sauke 'ya'ya da busasshen ganye kafin su sauko da kansu.

Baƙin da ke rufe ganyen mangwaro kamar kunkunniya yawanci daga wani farin ƙwaro mai tsotsa yake, wanda ya shigo Afirka ta Yamma daga Asiya a farkon shekarun 1980, aka kuma shawo kansa da wani ɗan ƙaramin zanzaro da cibiyar binciken noma ta IITA ta yaɗa. Fesa guba a kan ƙatuwar bishiya a tsakiyar gidan haya ya fi cutar da mutane da wannan zanzaron a kan ƙwaron. Tsutsar cikin 'ya'ya kuma ta ƙudan mangwaro ce, maganinta na farko a tsince waɗanda suka faɗo a binne ko a ɗaure a baƙar leda a rana. Batun sauro ma a faɗe shi daidai. Sauro yana hutawa a duhun ganye, amma a ruwa yake haihuwa. Wanda ya yaɗa zazzaɓin cikungunya a Libreville a 2007 a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da ɓawon kwakwa yake ƙyanƙyasa, har da ramin bishiya mai riƙe ruwa. Ramin sai a cika shi da yashi. Sare mangwaro a bar tayoyi a bayan ɗaki ba ya rage sauro, zafin kwano kawai yake ƙarawa.

Mafi wuyar al'amarin ba na ilimin itace ba ne, na mutane ne. A gidan haya, bishiya tana da masu ita da yawa ranar da ta nuna, ba ta da kowa ranar da za a biya mai zarto. Mai gidan yana wata unguwa, ɗan haya ba zai kashe kuɗinsa a kan abin da ba nasa ba, maƙwabci kuma shi ganye ke cika wa indararo. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da duba wannan. A Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato, an hukunta cewa a yanke abin da ke cutar da katangar maƙwabci daga bishiya idan katangar ta riga ta, idan kuwa bishiyar ce ta riga, malamai sun yi zance biyu. Tare wa maƙwabci rana ko iska kaɗai bai zama hujjar tilasta yankewa ba. Har ma an ce mai hawa dabino ya yi sanarwa kafin ya hau, saboda zai hango cikin gidajen mutane, ladabin da masu hawa kwakwa a Akébé za su amfana da shi. Dokar farar hula ta Faransa, wadda shari'ar ƙasashen da ta mallaka ta ɗebo da yawa daga gare ta, ta ce itacen da zai wuce mita 2 a dasa shi aƙalla mita 2 daga iyaka, maƙwabci yana da ikon tilasta mai bishiya ya yanke rassan da suka ƙetaro, amma ba shi zai yanke da kansa ba, 'ya'yan da suka faɗo gidansa da kansu kuma nasa ne. A batun rassa, duka biyun sun haɗu a kan abu guda: abin da ke cutarwa ake cirewa. A aikace, kafin magana ta kai ofishin magajin gari, mai unguwa ko limami ko sarkin Hausawa sukan iya kashe ta, musamman idan mai bishiyar ya saba aika wa maƙwabta kwanon mangwaro.

Inda ba a sasantawa shi ne wayar lantarki. A lungunan Akébé wayoyi suna tafiya daga mitocin bakin hanya zuwa gidaje a kan sanduna da rassa, wasu a kwance cikin ganye ba a ganinsu. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, balle jiƙaƙƙe. Reshen da ya kusanci babbar waya aikin kamfanin lantarki na SEEG ne, a kai musu rahoto. Na ƙananan wayoyin gida kuma a kashe wuta daga mita kafin kowa ya hau.

Sai ciniki da mai yankan. A yi shi a ƙasa, a tsaye, ana nuna reshe ɗaya-ɗaya, in da hali a ɗaura wa kowanne tsumma. A tambaye shi a ina zai sa zarto. In ya nuna tsakiyar reshe, a nemi wani. A tambaye shi igiya, wadda zai ɗaure kansa da wadda zai sauke rassa a hankali, domin a gidan da ke kewaye da kwano babu inda za a jefa komai. Kada kuma a biya shi da itacen da ya sare. Masu gasa nama da masu ƙyafe kifi suna sayen itacen mangwaro, kuma wanda ladansa ke ƙaruwa da yawan abin da ya sauke ba zai tsaya inda aka ce ya tsaya ba.

Wata bishiyar dai sai an sare ta: wadda gindinta ya ruɓe, wadda aka datse wa saiwoyi ta gefe biyu, wadda aka guntule sau da yawa har ba sauran reshe na asali, wadda ke leɓen yankakken tudu a saman ɗaki. Irin wannan daga sama ake sauke ta gunduwa-gunduwa. Kututturen kuma a tone shi ko a sare shi ƙasa sosai, don in aka bar shi yana ruɓewa kusa da ɗakin katako, gara ta samu masauki. Wanda zai maye gurbinta ya nemi mangwaro mai aure, wanda ke fara 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu kuma ana iya riƙe tsawonsa, ko atanga, ko gwaba da lemo idan filin ƙarami ne. Ya ba mangwaro ko atanga aƙalla mita 5 daga bango da ramin masai, ya kuma fara gyara rassansa da almakashin lambu tun a shekara ta biyu.